Izinin Malamin Ardwick

A bakin ƙofar wani ɗakin taro na ƙaramar hukuma da ke Ardwick, a Manchester, muka ƙulla cinikin, ni da Yusra, wata Talata da ruwa ya ƙi tsayawa. Ita za ta gyara mini gwiwoyi ba tare da kowa a Birmingham ya ji ba. Ni kuma in sa mahaifinta ya amsa gaisuwarta. Ta tambaya nan da yaushe, na ce in gwiwa ta lanƙwasu sai mu yi maganar lokaci.

Sana'ata tura kaya gida: firji, keken ɗinki, tsofaffin talabijin, duk abin da Bature ya gaji da shi. Sitona yana Erdington, a Birmingham, kuma duk Talata nakan hau babbar hanyar M6 da motar kaya in zo Manchester in kwashi na nan. Shekara talatin ina ɗaga firji, sai gwiwoyin suka ce sun gama. Likitan unguwarmu ya ce in rage tumbi in sha ƙwaya. Na sha ƙwayar. Shekara ɗaya da rabi ke nan ina salla a kan kujera a masallacinmu na Sparkbrook, can ƙarshen sahu kusa da takalma, ni da aminina Malam Abdulhafiz, mahaifin Yusra, wanda shi ma tasa gwiwar ta yi masa tawaye.

Malam karatu ne ya kawo shi ƙasar nan, ya gama, ya zauna yana koyar da lissafi har ya yi ritaya. Mutumin ɗariƙa ne, ba ya fashin wuridi, shi ne kuma yake yi mana karatu da Hausa ranar Lahadi. Yusra ta karanta harhaɗa magunguna a jami'a, ta yi shekara uku a kemis, rana ɗaya ta ajiye ta koma Manchester tana koya wa mutane yoga, motsa jikin nan na Indiyawa. Malam ya buɗe littattafai ya yi bincikensa, ya fito da hukunci cewa bautar rana ce aka sa wa wando. Bai zage ta ba, bai kore ta ba. In ta zo gida ta durƙusa ta gaishe shi, sai ya buɗe shafi na gaba. Shekara biyu ana haka. Mahaifiyarta Raki ta yi magana har ta gaji. Ni ma na taɓa gwadawa, ya ce in muna son zumuncinmu ya ɗore mu yi wata hirar.

Na kafa wa yarinyar sharuɗɗana. Ba zan rusuna wa rana ba, wadda ma ba a ganinta a Manchester. Ba zan furta kalmar da ban san ma'anarta ba. Ba zan sa wando mai kama jiki ba, kuma ba zan shiga cikin mata ba. Ta yi dariya ta ce duk ta yarda, ita ma ba ta taɓa rusuna wa rana ba. Ta ba ni rabin awa bayan ɗalibanta sun watse.

Ranar farko ta shimfiɗa mini wata tabarmar roba ta fara kiran sunayen tsayuwar: kare mai kallon ƙasa, kyanwa, maciji. Na ce mata duk a ciki babu dabbar da ake ci. Da muka zo ƙarshe ta ce in kwanta rigingine in saki jiki, sunan wannan gawa. Na tashi zaune na ce ta canja masa suna ko in tafi. Muka daidaita a kan hutun direba.

Ita fa ba gwiwa ce ta dame ta ba. Kullum maganarta farkawar zuciya ce, wai mutum yana yawo ido buɗe alhali barci yake yi, in ya koyi zama da numfashinsa hankalinsa zai buɗe ya yi faɗi har ya ga abin da yake gabansa tun da can.

"Baba Musbahu, your mind is like your van," in ji ta. "Kaya har rufi. Babu wurin zama."

Na ce mata motar da babu kaya asara ce, ta ci gaba da gwiwa.

Amma ba ta ƙyale ni ba. Kowace Talata sai ta zaunar da ni, ido rufe, in ja numfashi a hankali in sake shi a hankali, in tunani ya zo in bar shi ya wuce kamar bas ɗin da ba nawa ba. Makonni huɗu duk bas ɗin da ya zo sai na hau. Kwantena ta tsaya a Kwatano, wane ya ce firjinsa ya iso da tsaga, taya ta baya tana shan iska. A mako na biyar wani abu ya faru da ban san sunansa ba. Ina zaune sai na ji ruwa a kan taga, na ji wata mota ta taka birki can nesa, na ji bugun ƙirjina, duk a lokaci ɗaya, kuma babu ko kwali ɗaya a kaina. Bai fi minti biyu ba. Da na yi la'asar a ranar, raka'a huɗu na yi, kowacce ina cikinta daga kabbara har ɗagowa, ban tsaya ina tambayar kaina ta uku ce ko ta huɗu ba. Rabona da irin wannan salla tun ina yaro a Fagge. Ban gaya wa Yusra ba, don kada kanta ya kumbura.

A mako na tara, ranar Juma'a, na naɗe kujerata na jingine ta da bango, na shiga sahu na kai goshi ƙasa. Da na ɗago ina jin idon Malam Abdulhafiz a ƙeyata. Ana sallamewa ya tare ni a Stratford Road, ya riƙe mini hannun riga kamar mai tsoron in gudu, ya ce abokin kirki ba ya samun magani ya bar ɗan'uwansa shi kaɗai a wurin takalma.

Da na faɗa masa gaskiya a wurin, da ya saki rigata ya ce Allah ya ƙara sauƙi, shi ke nan. Na san mutumina. Sai na ce a Manchester na samo, wurin wani bawan Allah da ba ya son a san shi. Malam ya rage murya ya tambaya ko ɗan Barno ne. Na ce akwai kama. Ya ce dattijo ne? Na ce gemunsa fari fat. Allah ya yafe mini, gemun nan ni na dasa shi.

Muka fara duk Alhamis da hantsi a sito, a kan kwali, tsakanin firji da firji. Na canja wa komai suna. Kare ya zama miƙar raƙumi, maciji ya zama leƙen katanga. Malam ya zo da littafi da biro, yana zana kowace tsayuwa yana auna kusurwarta, kafin wata biyu ya fi ni iyawa. Amma zaman numfashin ne ya kama shi. Ran nan ya buɗe ido da ƙwalla ya ce shekara ashirin yana neman zuciyarsa ta halarci wuridinsa, tana zuwa tana gudu, yau ga ta ta zauna. Ya ce wannan malami ba mai maganin gwiwa ba ne, mutum ne da aka buɗe wa ƙofa. Na ce haka mutane suke faɗa.

Ranar da ya naɗe tasa kujerar na ɗauka aiki ya yi kyau. Sai ya zo mini da abin da ban lissafa ba. Ya ce a tarbiyyarsu ba a riƙe abu irin wannan sai da izini daga bakin mai shi, in ba haka ba albarkarsa ba ta ɗorewa, ni kuwa ɗan aike ne kawai, ba ni da ikon ba shi. Dole in kai shi ya durƙusa a gaban malamin. Na ce malamin yana yawan tafiya. Ya ce zai jira. Na ce yana halwa. Ya ce zai zauna a bakin ƙofa har ya fito. Ya kuma daina motsa jikin gaba ɗaya sai an ba shi izini, har gwiwar ta fara yi masa ƙara.

Na buga wa Yusra waya na gaya mata komai. Ta ce ba haka muka yi ba, yanzu zai ce da ita aka haɗa baki aka mayar da shi abin dariya, ɗan zaman da yake yi a falo in ta zo ma zai daina. Na ce cinikinmu bai faɗi hanyar da za a bi ba. Ta ce in abin ya lalace ba za ta sake yi mini magana ba. Na ce ta sa dogon mayafi ta share ɗakin.

Talata Malam ya fito da babbar riga sabuwa dal, da jaka a hannu: dabino, turare, da hula zanna ta alfarma. Duk tsawon M6 yana tambayata ladubban wurin, ko malamin yana ba da hannu, ko ana kallon fuskarsa. Na ce mai kunya ne ƙwarai. A bakin ɗakin taron ya tsaya ya karanta takardar da aka manna, mai kalmar yoga da manyan baƙaƙe. Sai ya girgiza kai ya ce dubi halin ƙasar nan, bawan Allah kamar wannan sai da ya haɗa ɗaki da waɗannan mutane.

Ya cire takalmi, ya sunkuyar da kai kamar yadda ake shiga wurin manya, ya yi sallama yana tafiya, bai ɗaga ido ba har sai da ya kai gwiwa biyu ƙasa a tsakiyar ɗakin. Yusra na tsaye jikin taga. Ganin mahaifinta a durƙushe sai ita ma ta zube a gabansa.

"Baba, ina wuni."

Ya ɗago. Ya dube ta, ya dubi kusurwoyin ɗakin guda huɗu, sannan ya juyo gare ni.

"Alhaji Musbahu, ina gemun?"

"Gemun nawa ne, Malam. Sauran duk nata ne."

A yanzu yana iya miƙewa ba tare da an kama shi ba, ƙofa kuma tana buɗe. Na matsa na ba shi hanya. Bai tashi ba. Ya ce in tambayi malamar tawa ko tana yi wa rana sujada. Yusra ba ta jira ni ba, ta ce ba ta taɓa yi ba, akwai masu yi da wata niyya, ita ba da su take ba. Ya ce in tambaye ta me take riƙewa a zuciya in ta rufe ido. Ta ce salatin da ya koya mata tana 'yar shekara shida, a mota, a hanyar makaranta. Ya ce me ya hana ta faɗa tun farko. Ta ce ta faɗa sau uku a falo, ta kuma rubuto a waya, yana karatu ne a lokacin.

Malam ya rufe ido. Na ga kafaɗunsa sun sauka, ya ja numfashi a hankali ya sake shi a hankali, daidai yadda na koya masa a kan kwali. Ni kuwa tawa zuciyar babu bas ɗin da ba ta hau ba. Sai da Malam ya yi numfashi huɗu sannan ya buɗe ido.

"Lafiya lau," ya amsa gaisuwarta. "Ya aiki?"

Ta sa bakin mayafi a fuska tana kuka. Ya bar ta ta yi mai isarta, sannan ya tura mata jakar, ya ce da niyyar malami ya ɗauko, niyya kuma ba a janye ta don malamin ya zo ba yadda aka zata ba. Ta buɗe ta ga hula, ta ɗora a kan mayafin, ta sauko mata har gira. Ya ce saura abin da ya kawo shi. Ta dube ni, na ce izini yake nema, ta faɗa da bakinta.

"Na ba ka, Baba," in ji ta, da Hausarta ta 'yan Birmingham. "But your left shoulder, tun da ka shigo take sama. Wa ya koya maka haka?"

Su biyun suka juyo suka dube ni.

A hanyar komawa ya ce kada in ɗauka ya sauka daga bincikensa. Sunan abin har yanzu bai yi masa ba, asalinsa kuma zai sake dubawa, akwai wuraren da zai ja wa yarinyar kunne. Na ce ai yanzu ga kunnen a kusa.

In za a faɗi wanda ya ci da wanda aka ci, Yusra ta samu amsar gaisuwarta, har yakan kira ta da kansa ya tambayi abin da ya shige masa. Malam ya samu gwiwa da 'ya da wuridi mai daɗi, abin da ya rasa hukuncin shekara biyu ne kawai, shi ma bai yarda ya rasa ba. Ni aka ci. Ranar Lahadi ya zauna a gaban jama'a ya ba da labarin tun daga farko, bai rage ko miƙar raƙumi ba. Yanzu dattawa bakwai ne suke sallama a sitona duk Alhamis, kowa da kwalinsa a hammata, kuma duk wanda ya gaji da zama sai ya ce a kira masa ɗan Barno, wato ni.