Ƙasar Bangon Coci

Shekara ashirin Ato Berhe ya yi yana gyaran tsofaffin coci-coci a duwatsun Tigray, yana rubuta tarihinsu, yana kuma faɗa da tsofaffin da ke kankare ƙasar bango su jiƙa su sha don neman waraka.

"Haba Iya! Ginin shekara ɗari takwas za ku cinye da cokali?" Haka yake daka musu tsawa.

Ranar da likitoci suka sallamo matarsa Letay, suka ce sai dai addu'a, sai ga shi gaban bango, da wuƙa a hannunsa.

Wata tsohuwa da ya sha kora ta dafa kafaɗarsa. "Ba nan ba, ɗana, matsa can. Inda ka gyara ba ya magani."