Ƙyallayen Maman Philip

"Tsaya, tsaya! Ɗaga ƙafarki, Malama, kada ki cinye mini saniyar yaro."

Ummukulsum ta ɗage ƙafa daga matakin keken ɗinkin, ƙarar ta mutu. Maman Philip ta gyara tabarau, ta sunkuya ta ja yadin baya kaɗan. Saura ƙiris allura ta bi ta kan wutsiyar saniyar da wani ɗan aji huɗu ya yanko daga jar atamfa ya ɗinka a kan farin yadi.

"Keke ba babur ba ne, ɗiyata. A hankali ake taka shi. To, mu je."

Kwana tara ke nan haka suke aikin, su biyu a kan benci ɗaya a barandar tsohuwar. Ƙafafun Maman Philip sun kumbura har silifa ba ya shiga, ba ta iya taka keke. Ummukulsum kuwa ba ta iya ɗinki ba. Sai suka raba: Malama ta taka, tsohuwa ta riƙe yadi tana bi da shi ƙarƙashin allura.

Asalin abin, iskar farkon damina ce ta yaye kwanon ajujuwa biyu a makarantar firamaren da Ummukulsum take koyarwa, a nan cikin Talata Mafara. Ɗaya daga ciki nata ne. Tun daga lokacin a gindin dogonyaro take karatu da yara arba'in da biyu, da hadari ya taso sai a tashi. Da iyaye da malamai suka zauna, aka ce kowane aji ya haɗu ya yi wani aikin hannu guda, a yi gwanjonsu ranar ba da hutu, abin da aka samu a sayi kwano. 'Yan aji uku suka kama saƙa faifai, 'yan aji biyar suka ce za su zana madatsar ruwa a kan katako. Ummukulsum ta dawo gida ranar ba ta san abin da za ta sa yaranta su yi ba.

Ta kan katanga ta faɗa wa maƙwabciyarta, tana kwashe shanya. Sunan tsohuwar Justina, amma unguwa ba ta san ta da wani suna ba sai Maman Philip. Shekara talatin da shida da suka wuce ta biyo mijinta daga kudancin Kaduna, lokacin da aka ba shi aiki a wajen noman rani. Miji ya rasu, ɗanta Philip ya koma Kaduna da iyalinsa, ita ta ƙi tashi. Hausarta ma ta koma ta Mafara. Ita ta yi wa rabin matan unguwar ɗinkin aure da na suna. Ita kuma ta zauna da Ummukulsum a asibiti kwana uku a haihuwarta ta fari, kafin 'yan uwanta su iso daga Maradun.

"Shigo ki gani," in ji ta a ranar.

Ta sa aka jawo buhu uku daga ƙarƙashin gado, cike da ƙyallaye, ragowar ɗinkin shekara da shekaru.

"Ban taɓa zubar da ƙyallen mutum ba. Philip ya ce in ƙone su, wai ɓeraye nake kiwo. Kawo mini ɗiyan nan naki. Kowa ya yi hoto guda bisa farin yadi, mu haɗa su mu yi zanen gado babba."

Asabar huɗu yara suna cika tsakar gidanta. Ta koya musu zura zare da ƙulla shi, ta hana su wasa da almakashi. Wani ya yi kwandon tumatir, wata ta yi albasa, wani ya yi tirela a kan hanyar Sakkwato. Wata yarinya, Bushira, ta yi kifi mai ƙafafu huɗu, sauran suka yi ta mata dariya har ta fara hawaye.

"Ku bar ta," in ji Maman Philip. "Kun shiga cikin dam kun ga duk kifin da ke ciki? Kawo nan, Bushira, naki za mu sa tsakiya."

Yanzu an haɗa hotunan layi shida, na bakwai suke kai. Ummukulsum ta lura tsohuwar tana tsayawa tana jan numfashi bayan kowane ɗinki.

"Mama, mu bari sai gobe."

"Gobe tana da nata aiki."

"Philip ya kira ni jiya. Ya ce kin ƙi zuwa asibiti."

"Ashe har ƙarata ya kai wurinki? Na je, sun ba ni magani, ga shi can ina sha. Zuciya ce ta gaji, ba wani abu ba. Taka mu gama layin ga."

Suka gama shi kafin la'asar. Abin da ya rage kalmasa ce, a naɗe bakin zanen ta gefe huɗu a bi da ɗinki. Suka yi gefe uku a kwana biyu.

Ranar Asabar da hantsi Ummukulsum ta yi sallama har sau uku ba a amsa ba. Ta tura ƙofa ta same ta zaune a bakin gado, ta dafa gwiwa, numfashi yana fita da ƙyar. Ta ruga ta kira mijinta Shafi'u, ya samo mota, suka kai ta asibiti. Aka sa mata robar numfashi a hanci. Philip ya ce ga shi nan tafe, amma sai Litinin zai samu fitowa.

Ummukulsum ta yi wuni biyu a gefen gadon. Matan cocinsu suna zuwa su yi addu'a su tafi, ita tana nan tana yi mata fifita da kwali. Ranar Lahadi da yamma tsohuwar ta ɗan samu sauƙi, ta sha kunu cokali huɗu.

"Malama."

"Na'am, Mama."

"Gefe guda ya saura."

"Ki bar zancen zanen nan, don Allah. Ni na ja miki wannan wahala."

Tsohuwar ta buɗe ido ta harare ta, irin hararar da take yi wa yaron da ya ɗauki almakashi ba izini.

"Wahala? Shekara biyu ina zaune ina kallon bango, ba mai kawo ɗinki, don sun san ƙafa ta ƙi. Kin kawo mini yara sun cika mini gida da surutu. Kada in ƙara jin maganar ga bakinki." Ta huta. "Kada ki taka keken ke kaɗai, za ki karya mini allura. Ki ba yara su yi da hannu."

"To, Mama."

"Kuma in na tafi, nan za a sa ni, kusa da Baban Philip. Na gaya mashi, amma ki ƙara gaya mashi."

Litinin da safe, wajen ƙarfe tara, Ummukulsum tana goge mata fuska da jiƙaƙƙen tawul, numfashin ya yi tsawo, ya sake yin tsawo, sannan bai dawo ba. Ta tsaya da tawul a hannu har ma'aikaciyar jinya ta zo ta duba ta girgiza kai. Philip ya iso da azahar.

Unguwa ta fito. Ɗan Asabe mahauci, wanda gidansa ke kallon na marigayiyar, shi ya sa aka kafa rumfa a ƙofar gida, ya aiko da nama aka dafa wa baƙin da suka zo daga nesa. Mutum ne mai ƙarancin magana, tun da matarsa Lantana ta rasu shekara biyar da suka wuce ya ƙara yin shiru. Maza suka zauna da Philip suna cewa, "Allah Ya ba da haƙuri." Mata suka cika cikin gida. Ranar Alhamis aka binne ta inda ta ce.

Washegarin jana'izar da safe Ummukulsum ta sami Philip a baranda yana kallon keken ɗinkin. Ta gaishe shi, ta yi masa ya haƙuri, sannan ta ce, "Ka yafe ni. Da na san ciwon ya kai haka, da ban bari ta yi aikin nan ba."

Philip ya girgiza kai.

"Malama, a da in na kira ta, ba ta da labari sai na ƙafa. Wata guda ke nan ba na samun in yi magana. Wai akwai yarinyar da ta yi kifi mai ƙafafu." Ya yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya, ya share ido da bayan hannu. "Ni ne da godiya. Yaushe ne gwanjon?"

"Gobe."

"Zan tsaya."

Ta ɗauki zanen ta tafi da shi makaranta. Ta shimfiɗa tabarma a gindin dogonyaro, ta naɗe gefen da ya rage ta kama shi da fil. Yara suka yi layi, kowa ya yi ɗinki tsawon ɗan yatsa ya miƙa wa na bayansa allura. Wani ɗinkin manya, wani ƙanana, wani ya karkace. Ba ta warware ko ɗaya ba.

Ranar Asabar filin makaranta ya cika. Aka ɗauko Zubairu, dillalin shanu a kara, don ya iya baki, aka ba shi lasifika. Faifan aji uku suka tafi, katakon aji biyar wani ma'aikacin ƙaramar hukuma ya saye shi. Sai aka ɗaure igiya tsakanin itatuwa biyu, yara huɗu suka baza zanen aji huɗu a kai.

Zubairu bai kai ga buɗe baki ba wata mata ta miƙe daga cikin mata.

"La ilaha illallahu! Wagga ai atamfar sunan ɗana Mubarak ce!"

Ta matso tana nuna kwandon tumatir. Wata ta biyo ta. "Ga leshin aurena nan, shi anka yi gajimare da shi!" Kafin a ce wani abu mata sun kewaye zanen, kowace tana neman nata. Wata ta ga anko na bikin ƙanwarta, wata ta ga rigar makarantar ɗiyarta da yanzu take da 'ya'ya uku. Ana dariya, ana tafa hannu, wasu suna goge ido da bakin mayafi. Ummukulsum ta tsaya gefe. Ita kanta ba ta taɓa kawo wannan a ranta ba, ƙyallaye kawai take gani. Ta waiga ta ga Philip ya rufe baki da hannu.

Da ƙyar hedimasta ya mayar da mata wurin zamansu. Sai a lokacin aka ga Ɗan Asabe tsaye a gaban zanen, hannayensa a baya. Daga mahauta ya biyo, ko riga bai canja ba. Kifin Bushira yake kallo, wanda aka yanko daga wata shuɗiyar atamfa mai ɗigon ruwan ɗorawa.

"Malam Ɗan Asabe, a ɗan ja baya mu fara," in ji Zubairu.

Bai motsa ba. Ya ce, ba da ƙarfi ba, amma na kusa sun ji, "Zanen Lantana ne. Shi ta ɗaura Sallar da ta yi ta ƙarshe."

Aka fara taya. Wani Alhaji mai fataucin shanu daga Bakura ya sa kuɗi, Philip ya ƙara, Ɗan Asabe ya ɗaga hannu. Alhajin ya sake ƙarawa, Ɗan Asabe ya sake ɗaga hannu, ko kallonsa bai yi ba. Philip ya dubi mahaucin, ya sauke nasa hannun. Alhajin ya ja har sau huɗu, sai wani ya raɗa masa magana a kunne. Ya cire hula ya mayar.

"Na bar mashi. Amma abin da na taya na ƙarshe, a rubuta, na ba makaranta."

Fili ya ɗauki kabbara da tafi. Hedimasta ya matso kusa da Ummukulsum ya ce, "Malama, in Allah Ya so, bayan hutu a cikin aji za ki yi karatu." Ta gyaɗa kai. A zuciyarta take ta cewa, Mama, mun gode. Mun gode.

Yara suka sauke zanen suka ninke, Bushira ta ɗauko ta kawo wa Ɗan Asabe. Ya miƙa hannu, sai ya dubi tafukansa ya janye.

"Riƙe mini tukuna, ɗiyata."

Ya taka zuwa famfon makaranta. Ummukulsum tana kallonsa ya durƙusa, ya debi ƙasa ya cuɗa hannayensa, ya wanke har gwiwar hannu, ya bi ƙarƙashin farce ɗaya bayan ɗaya. Jama'a sun fara watsewa, ana kwashe benci. Shi kuwa ya miƙe ya tsaya a rana, ya baza yatsunsa yana jira su bushe, yarinyar tana tsaye a gabansa rungume da zanen.