An Ture Ni

Tun da kakata Oma Thekla ta haura shekara casa'in Turanci ya fara zubewa daga bakinta, har ya zama ba abin da ya rage mata sai Jamusancin da ta tashi da shi a gonarsu ta inabi. Cikin 'ya'yanta babu mai jin sa. Mama addu'ar cin abinci kawai ta riƙe, Kawu Desmond kuwa zagi. Ni ce nake karanta harshen a jami'a a Adelaide, shi ya sa ni aka kira ranar da aka ga jini ya kwanta a hannunta.

Na tarar da su tsaitsaye a ɗakinta na gidan kula da tsofaffi da ke Tanunda. Madam Tindall, shugabar gidan, tana riƙe da waya. Losaline, 'yar ƙasar Tonga mai yi wa Oma wanka da ba ta abinci, ta raɓe a bakin ƙofa. Kowa ya san izinin zamanta a ƙasar nan a kan wannan aikin ya rataya.

"Yauwa, Farfesa ta iso," in ji Kawu. "Zo, Elke, ki nuna mana abin da ake koya muku. Tun safe magana ɗaya take nanatawa."

Ba na son a zuba min ido. Na durƙusa gaban kujerar Oma. Tabon ya yi shuɗi tun daga gwiwar hannu har kusa da agogonta. A kan tebur hoton marigayi Opa Ewald ne, mijinta, yana dariya da kwandon inabi a kafaɗa.

Oma ta dube ni ta ce, "Ich wurde gestoßen."

Na san wannan ginin jimla, na sha wuya a kansa kafin jarrabawa. Na ce, "Cewa ta yi an ture ta."

Mama ta dafe ƙirji. Kawu ya juya kan Losaline.

"Kin ji ko? Daga bakinta ya fito! Tsohuwa kamar wannan!"

"Na rantse da Allah, Madam, ban taɓa ba," in ji Losaline. "Kamar kakata na ɗauke ta."

Madam Tindall ta ce dole Losaline ta ajiye aiki daga yau, ita kuma za ta kai rahoto. Ta fara latsa wayar.

Ni kuwa abu biyu suka tsaya min a rai. Na farko, jimlar ba ta ambaci kowa ba. Malamarmu takan ce wannan ginin aikin yake turowa gaba, ya ɓoye mai aikin, in kana son sa sai ka tambaya. Na biyu, kalmar wurde ɗin nan da ta yi amfani da ita. Abin jiya da shekaranjiya Oma da kalmar Jamusanci habe ko bin take faɗin sa. Wurde da 'yan'uwansa kuwa ban taɓa jin su a bakinta ba sai in za ta ba da labarin zamanin da, ko tana karatun Littafi Mai Tsarki.

"Ku ɗan dakata," na ce. Ba wanda ya ji ni. Na sake faɗa da ƙarfi, har ni kaina na tsorata da muryata.

Na taɓa gefen tabon, na tambayi Oma da Jamusancina mai tuntuɓe me ya sami hannunta. Ta kalle shi kamar yanzu ta fara ganin sa.

"Ach. Ich habe mich gestoßen." Ta miƙa hannu ta ɗaka wa ƙarfen gado duka, kamar yaron da ya yi mata rashin kunya.

"Ta ce ita ta buge da kanta, a jikin ƙarfen gado."

"Ke!" in ji Kawu. "Ɗazu an ture ta, yanzu kuma ta buge. Wanne za mu ɗauka? Ko Jamusancin naki na jabu ne?"

"Kalma ɗaya ce, Kawu, juya ta aka yi. Magana biyu take yi, ba ɗaya ba."

Madam Tindall ba ta sauke wayar ba. Ta ce muddin tsohuwa ta ce an ture ta a gidan nan, ba ta da ikon yin shiru, sai dai in an san wa ya yi.

Na juya ga Oma. "Von wem, Oma? Wa ya ture ki?"

Hannunta ya tafi, ba kan tabon ba, kan ƙugunta na hagu. Tun ina yarinya na san Oma da ɗingishi, kuma duk danginmu sun san dalili. Tana amarya, da ciki, santsi ya kwashe ta a matakalar ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda ake ajiye kwalaben jam na shafa wa burodi. Cikin ya zube, ƙugu ya karye. Opa ne ya ɗauke ta a hannu har mota. Shi da kansa yake ba da labarin duk Kirsimeti, yana shafa mata baya.

"Von Ewald," in ji Oma. Ta ƙara da cewa a matakala ne, saboda kawai miyar da ta kawo masa ta huce. Yadda ta faɗa kamar tana gaya min yau Talata.

Suna ba ya buƙatar fassara. Mama ta matso.

"Me ta ce game da Baba?"

"Kiran sa take yi," Kawu ya yi saurin cewa. "Ai kullum cikin kiran sa take. Ko ba haka ba, Elke?"

Da na gyaɗa kai da maganar ta wuce. Na kalli Mama, wadda har yau take ajiye hular Opa a bayan ƙofar kicin. Na kalli Losaline, ta riga ta cire bajen sunanta daga ƙirji tana murza shi a hannu.

"Ba a gidan nan ba ne," na ce. "Ba yanzu ba ne. Matakalar nan take nufi. Ta ce Opa ne ya ture ta."

Mama ta nemi bakin gado ta zauna, ba ta ko duba ba.

"Ƙarya ne," in ji Kawu, amma a hankali ya faɗa. "Tsufa ne kawai."

"Elke," in ji Mama, "ko dai kin yi kuskure? Ke kika ce kalmar juya ta ake yi. Sake tambayarta. Don Allah."

Na sake tambaya, ina fatan in na yi kuskure a kama ni a gaban kowa. Oma ta ɗaga ido ta kalli hoton, ta daɗe. Wannan karon ba ta ɓoye kowa ba.

"Er stieß mich."

"Ya ture ni," na ce.

Madam Tindall ta saka wayar a aljihu. Ta ce wa Losaline ta mayar da bajenta, a samo abin da za a naɗe ƙarfen gadon. Losaline ta goge ido, ta ɗauko tawul, ta ratsa tsakaninmu ta durƙusa tana naɗewa. Oma ta shafa mata kai, sannan ta tambaye ni ko mun zo mata da kek.