Jinin da Ya Sha Hantsi

Zuliha ta ƙi tashi daga bakin gadon. Sista Ann ta riga ta kashe shuɗiyar fitilar da ke haska jaririn, ta ajiye takardar sallama a kan katifa.

"Gwaji ya nuna ciwon shawarar ya sauka," in ji Sista. "Ga wata can a baranda da nata ɗan, fitilar nan take jira."

"A takarda shawarar ta sauka, Sista. Zo ki gani."

Ta danna tafin ƙafar yaron. Bakwaini ne, kwanansa biyar a duniya, ƙafar ba ta fi babban yatsanta ba. Inda ta danna ya fito rawaya kamar an shafa kurkum.

"Jiya a cibiya ta tsaya, yau ga ta a ƙafa. Tun asuba bai kama nono ba."

Mijinta Jaji yana tsaye a ƙofa, taɓon gona ya bushe a ƙafar wandonsa.

"Kada ki ba mu kunya, Zuliha. Na'ura ce ta auna. Kin fi na'ura sani ne?"

"Na'ura ba ta ga ɗana ba, Malam. Kwalbar jini ta gani."

Sista ta ɗauko takardar gwajin ta sake dubawa. Na'urar asibitin ta daɗe da lalacewa, sai dangin mara lafiya su kai jini wani ɗakin gwaji a Kura.

"Malam Jaji, ƙarfe takwas na ba ka jinin nan. Su kuma sun rubuta sha ɗaya suka karɓa. Kura ce ko Zariya?"

Jaji ya sosa ƙeya. "Yau ranar ban ruwan gonata ce daga kanal. In ban buɗe ba sai wani mako, ga tumatir ya fara fure. Na ɗan biya gona ne."

"Kwalbar fa? A baƙar takarda na naɗe maka ita."

"Na ga an ƙunshe ta kamar laya, na ce kada ta gumu. Tumatir ma in ka rufe shi ruɓewa yake. Sai na kwance ta, na ɗora a kujerar babur ta sha iska."

Sista ta rufe ido na ɗan lokaci. "Haske yana cinye abin da ake aunawa a jinin. Kwalba ka yi wa magani, Malam. Yaro yana nan da ciwonsa, kuma in ya hau ƙwaƙwalwa ba ya sauka."

Zuliha ba ta dubi mijinta ba. Ta miƙa hannu ta kunna fitilar da kanta.

"A kawo ɗan baiwar Allah can, ta ishe su su biyu. Amma nawa ba ya fita."

Aka sake tsaga diddigen yaron. Kukansa siriri, kamar na ɗan mage. Da Sista ta toshe kwalbar, Zuliha ta zare baƙin kallabinta ta naɗe ta, ta yi ƙulli uku, ta ja na ƙarshen da haƙori.

"Mai gwajin ne zai kwance, ba kai ba."

Jaji ya karɓa da hannu biyu. A bakin ƙofa ya tsaya.

"Na baro ruwa yana gudu a gona. In ban toshe ba zai kwashe kunyoyin."

"Ya kwashe," in ji Zuliha, tana gyara wa yaron ƙyallen da ya rufe masa ido.

Ta kasa kunne har ta ji babur ya tashi. Gona tana hagu. Ƙarar ta yi dama, hanyar Kura.