Tarin Babanmu

Tun da Babanmu ya rasu, Mama ta koma kamar keken ɗinkinta, an lulluɓe an tura lungu. Ba faɗa, ba dariya, abinci ma sai da lallami. Matar da a da ko ƙuda ya sauka kan yadin da take yanka sai ya ji ta bakinta! Ni ce auta, ni aka bari da ita a gida, kuma ina tsoron kada shirun nan ya tafi mana da ita.

Ran nan tana shafa teburin da Baba yake gyaran agogo a kai, sai ta ce, "Auta, ina littafin nan mai jan bango?"

Na san shi sarai. Labarin wata ma'aikaciyar ofis ne da shugabanta, suka ƙulla baikon ƙarya don danginsa su bar damunsa da zancen aure, a ƙarshe wasa ya zama gaske. Da yamma, in Baba ya cire ɗan gilashin da yake leƙa cikin agogo da shi, sai ya ja kujerarsa kusa da keke ya karanta mata tana ɗinki. Su gama su sake, har bango ya rabu da takarda. Mu yara muna ƙasa muna tsintar ƙyalle, kunne a buɗe. Gara ta cinye littafin tuntuni, kuma ko yana nan, yanar ido ta riga ta rage wa Mama gani.

Na nemo mata shi a waya, irin wanda ake saurara, wata mai zaƙin murya tana karantawa. Ban tsaya na fara ji ba. Wa zai binciki littafin da ubansa ya karanta a gabansa? Na kunna, na ɗora kan teburin, na zauna ina ninke wanki.

Mama ta lumshe ido, leɓenta na motsi, wani lokaci har ta riga mai karatun. Aka zo inda ma'aikaciyar da shugabanta suka dawo daga gidan danginsa cikin ruwan sama, ya rako ta bakin ƙofarta. Ni ma na tuna wurin. A nan Baba yakan yi tari, ya gyara zama, ya ce, "To, sai ya yi mata sallama, gari ya waye."

Mai zaƙin muryar nan ba ta yi tari ba. Ƙofa ta buɗe, suka shiga tare, maɓallin riga ya fara ɓallewa, kafin in ankara an kai inda ko a zuci ba zan maimaita ba. Na zabura, wanki ya zube, na rasa inda ake tsayarwa. Na so ƙasa ta tsage in shige.

"Bar shi," in ji Mama.

"Mama, wallahi kuskure na yi, ba shi ba ne."

"Shi ne. Na ce ki bar shi."

Haka ta yi tagumi har babin ya ƙare, ni kuwa ina ta ninke zani ɗaya ina warwarewa. Sai ta nisa ta ce, "Ashe ba sallama aka yi ba."

Dariya ta ƙwace mata, irin wadda na manta tana da ita, har da riƙe ciki.

"Kin ga Babanku? Shekara da shekaru ina dafa masa citta da zuma saboda tarin nan! Har asibiti na ce ya je. Na ce, wai kai me ya sa tari ba ya kama ka sai kana karatu? Ya ce ƙurar takarda ce."

"Ai saboda mu yake yi," na ce. "Muna zaune a wurin."

"Ku? Bayan yayyenki sun yi aure, ke kina makaranta, daga ni sai shi a ɗakin nan, tarin bai fasa ba. Kunyata yake ji, Auta. Na haifa masa ku duka, muka yi furfura tare, mutumin nan bai daina jin kunyata ba."

Dariyar ta juye kuka. Tun rasuwar ban ga ta yi kuka da sauti ba sai ranar. Na riƙe ta, ni ma na yi nawa, don kewarsa ta taso mini ɗanya. Da na kawo abinci ta cinye, har ta yi mini faɗa wai gishiri ya yi yawa. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin wannan ba.

Washegari da yamma ta lalubo kujerar Baba, ta ja ta kusa da keke ta zauna, ta ce in kunna mu ci gaba. Muka yi nisa lafiya, sai ga mutanen nan kuma a bakin wata ƙofar. Na miƙa hannu wajen wayar, amma Mama ta riga ni. Ta gyara zama, ta yi tari, irin nasa sak.

Na tura karatun gaba.

"To," in ji ta, tana shafa hannun kujerar, "sai gari ya waye."