Ɗakin da Aka Tsallake

Tsoho Kafinta ya sake wa gidansa rufi, ya tsallake ɗakin matar ɗansa.

Rufin irin na falle-falle ne, ƙananan fallaye masu kwalta da ake jerawa daga ƙasa zuwa sama, na sama ya danne kan na ƙasa kamar ɓawon kifi, a kafe kowanne da ƙusa a jikin katako. Tsohon da hannunsa ya yi na farko, tun yana hawa tsani da dami a kafaɗa. Yanzu gwiwa ta ƙi. Sai ya sayar da wani fili da ya daɗe yana ajiya, ya kira Dogo, wanda ya koyi aiki a hannunsa, ya ce a yaye tsohon rufi har katako, duk allon da ya ruɓe a fitar.

Dogo ya ce, "Maigida, yayewar nan ita ce mai cin kuɗi. Da ɗorawa muka yi a kan tsohon, da aljihunka ya huta."

Tsohon ya ce, "Ni na koya maka ha'inci?"

Dogo ya yi dariya, ya ce a gafarce shi.

Ɗakin da aka tsallake yana can baya, ya fi sauran gajarta, rufinsa ya rakuɓe a ƙarƙashin babban rufin gida. A ciki matar ɗan take da 'yarta ƙarama da kekenta na ɗinki. Tela ake ce mata a layin. Mijinta, babban ɗan Tsoho, daga kan rufin ɗakin nan ya faɗo, kansa ya sami bakin rijiya, bai ko shura ba. Kowa ya san labarin yadda Tsoho ya ba da shi: ɗakin na ɗiga a kan yadin mutane, matar ta hana yaron sakat, ta tura shi sama rufi bai bushe ba, santsi ya kwashe shi. Tela ba ta taɓa musu ba. Ta yi mitar, ta san ta yi. Har ƙusoshin ita ta miƙa masa a cikin gwangwani. Tun daga ranar take tafiya a gidan kamar mai taka ƙwai.

Ranar awo, tana bakin keke ta ji Dogo ya jingina tsani a bangonta. Sai muryar Tsoho daga tsakar gida.

"Ina za ka?"

"Ɗakin matar Yaya zan gwada."

"Sauko. Aikinka ya tsaya a bakin indararon can."

"Ai nan ne ya fi lalacewa, Maigida."

"Na tambaye ka?"

Dogo ya sauko. Ɗaya daga cikin mutanensa ya ce da alama yau tsani ne kawai ya yi yawo, sauran suka ƙyalƙyale, suka ga fuskar Tsoho, dariyar ta maƙale.

Aka yi aikin. Tsoffin fallaye suka riƙa zubowa tsakar gida, baƙaƙe, masu karyewa a hannu. Ƙura ta shiga ko'ina, har cikin man keke. Tela ita ke share ƙusoshi kada yarinya ta taka, ita ke kai wa ma'aikata ruwa. Tana jin guduma tana tafiya a saman gidan, daga ɗakin Tsoho zuwa ɗakin baƙi, zuwa kicin, zuwa ɗakin da ake tara tarkace. Ba ta zo kanta ba.

Da ta ga an kusa gamawa, ta sami Tsoho a kujerarsa a bakin ƙofa, yana miƙe tsoffin ƙusoshi a kan dutse. Bai taɓa yar da ƙusa ba a rayuwarsa. Ta rusuna.

"Baba, sannu da aiki."

Ya ci gaba da bugu.

"Na ce ko namu ɗakin sai daga baya ne? Ruwa ya kusa sauka."

"Naki an riga an biya."

Ta ɗago kai, ba ta gane ba.

"Da ɗana aka biya. Bai ishe ki ba? Wani kike so in hau da shi?"

Ta tashi ta koma ɗaki. Ta zauna a gaban keke, ta ɗora ƙafa a kan feda, ta kasa takawa. Tafiya ba ta cikin abin da za ta iya. Iyayenta sun rasu, gidan yayanta ko tabarma ba wurin shimfiɗawa, kuma Tsoho ya faɗa tun ranar da ta fita takaba: ƙofa a buɗe take, amma jikarsa ba ta zuwa ko'ina.

Fallaye suka yi saura, dami biyu ko uku, sababbi fil a cikin takardarsu. Tela ta riƙa kallonsu ta taga. Ko ba a gaya mata ba ta san za su rufe ɗakinta. Tsoho ya sa aka rufa akurkin kaji da su. Shi ya tsaya a kan aikin, har yana gyara wa Dogo layi.

Ruwan farko da la'asar ya sauko. A da, babban rufin yana ɗiga nan da can, kowane ɗaki da bokitinsa, ruwan ya rarrabu. Yanzu ba inda yake shiga. Duk abin da ya sauka a kan sabon rufi sai ya gangaro a haɗe, ya faɗo a kan nata kamar ana juye randa. Silin ya yi ciki, ya fashe ta kusurwa. Ta sa bokiti, ta sa baho, ta sa tukunya. Ta lulluɓe keke da leda, ta tattara yadin mutane ta cusa a ƙarƙashin gado, ruwa ya bi su can. Yarinya ta hau kan tebur tana riƙe da takalmanta.

"Mama, kaji ba su jiƙe ba."

"Rufa mini baki."

Ta leƙa ta ƙofa. Tsoho yana zaune a barandarsa, busasshe, yana kallon yadda ruwa ke zuba a kan ɗakinta. Kafinta ne tun ba a haife ta ba. Ya san inda ruwan zai bi tun kafin a buga ƙusar farko.

Ruwa ya ci gaba da zuwa. Katifa ta daina bushewa. Bango ya yi baƙi-baƙi, ɗaki ya ɗauki wari. Wata mata ta zo karɓar ɗinkinta, ta sansana shi, ta ce ko a rijiya aka ɗinka, ta kwashe sauran yadinta ta tafi. Yarinya ta kama tari. Tela ta roƙi a bar su su kwana a ɗakin baƙi, Tsoho ya ce ɗakin baƙi na baƙi ne, ya sa kwaɗo.

Wata safiya Dogo ya zo ɗaukar tsaninsa da ya bari. Tsoho ya fita aski. Dogo ya tsaya a bakin ɗakin, ya ga bokitai, ya ji tarin yarinya. Tare suka koyi aiki da mijinta, tare suka sha rankwashi a hannun Tsoho.

"Matar Yaya, haka kuke kwana?"

"Mun zama agwagi. Ka zo ka ga ƙafafunmu ne?"

"Ki bar wasa. Ina da guntun tamfol a gida. Bari in duba inda ya fi huda, in ya so in ɗaure miki kafin ya dawo."

"Ka rufa wa kanka asiri, Dogo."

"Ba zan daɗe ba."

Ya jingina tsani ya hau. Ita ta riƙe masa ƙasa. Bai taka rufin ba. Ya tsaya a kan tsani, ya sa ƙarfe ya ɗaga falle ɗaya a gefen da aka toshe da guntun kwanon rufi bayan rasuwar mijinta. Ya ɗaga wani. Ya zura hannu, ya zaro abu, ya sauko a hankali.

Ya buɗe tafinsa. Katako ne, amma ya zama kamar jiƙaƙƙen burodi. Ya matsa shi da yatsa, ya wargaje.

"Mene ne?" in ji ta.

Dogo ya dubi ƙofar gida, ya rage murya. "Hawa biyu ne. Akwai tsoffin fallaye a ƙasa, aka ɗora wasu a kai. Ba a yaye ba. In aka yi haka, ruwa yakan kwanta a tsakani ya ci katako, daga sama kuwa ba ka ganin komai, sai ka taka."

"Wa ya ɗora?"

Ba ta buƙatar amsa. Lokacin da za a kawo ta gidan, Tsoho da kansa ya gyara ɗakin nan. Har yau yakan faɗa, shi kaɗai ya yi, ba wanda ya miƙa masa ko ƙusa.

"Kwanon can," in ji Dogo, "rami ne a ƙarƙashinsa. Girman ƙafa. Ba santsi ba ne, matar Yaya. Rufin ne ya burma da shi, ya yi baya."

"Wa ya sa kwanon?"

"Shi ya hau, da gwiwar tasa. Na ce in hau, ya hana."

Ta karɓi ɓarɓashin katakon ta riƙe. Ta tuna gwangwanin ƙusa. Ta tuna yadda matan layi suke rage murya in ta wuce, da yadda ta riƙa rusuna wa Tsoho safe da yamma tana neman ya dube ta. Ta jira hawaye, ba su zo ba.

A haka Tsoho ya shigo, kansa sabon aski yana sheƙi. Ya ga tsani a bango. Ya ga hannunta.

"Wa ya ce ka hau?"

Dogo ya fara sosa ƙeya. "Maigida, tsanin na zo..."

"Ɗauki ka fita. In na sake ganin ƙafarka a gidan nan, duk wanda na haɗa ka aiki da shi zan raba ku."

Dogo ya dubi Tela. Sannan ya saɓa tsaninsa, ya fita, ƙarshen tsanin na karo da ƙofa.

Tsoho ya je ya zauna a kujerarsa. Ta bi shi. Wannan karon ba ta rusuna ba. Ta zuba masa ɓarɓashin a kan dutsen da yake miƙe ƙusa.

"Baba, ka san wannan?"

Ya duba. Ya sa gefen hannu ya share shi ƙasa.

"Ruɓaɓɓen katako. Duniya cike take da shi."

"Ka sani tun ranar. Ka hau ka gani, ka rufe, ka sauko ka ce ni ce."

"Ke kika tura shi."

"Ni na tura shi. Kai ka haƙa ramin."

Bakinsa ya motsa. Ta ɗauka zai zage ta, ko ya ɗaga hannu. Sai ya ɗauki ƙusa, ya kwantar da ita a kan dutse, ya buga. Gudumar ta kuskure. Ya sake bugawa.

Daga ɗaki yarinya ta yi tari, mai tsawo, irin mai ƙarewa da shaƙuwa. Gabas ta fara haɗa hadari. Tela ta dubi sama. Wanda ya mutu ya mutu. Wadda ke tari tana nan.

Ta rusuna.

"Baba, ba na neman kuɗinka. Zan sayar da keke. In bai kai ba zan yi wankau in cika. Ka bari a yaye, a sa sabon katako. Ba zan gaya wa kowa ba, wallahi. Dogo ma ba zai faɗa ba, ka ga yadda yake tsoronka. A bar shi a kan santsi. A bar shi a kaina, na saba ɗauka. Jikarka ce ke tarin nan."

Tsoho ya dubi rufin ɗakin. Idonsa ya tsaya a kan guntun kwanon, ya daɗe a wurin. In aka yaye, ma'aikata za su gani, su kirga hawa biyu, su sa hannu a ramin. Kafin magariba layi ya ji, kafin sati duk mai riƙe guduma a garin ya ji.

Ɗigon farko ya faɗo a kan dutsen, kusa da ƙusa. Ya ja kujerarsa baya, cikin baranda, inda ruwa ba ya kaiwa.

"Muddin ina numfashi," in ji shi, "ba mai taɓa rufin nan."