Saura Kwana Huɗu Hutunsa Ya Ƙare

Shekara ashirin da biyu ta yi tana karɓar haihuwa a babban asibiti. A can Sista ake ce mata, a gida kuwa Yaya, don ita ce ta fari a cikin su biyar. Ita ta goyi Auta, ita ta riƙe hannunta ranar da aka fara kai ta makaranta. Saboda haka da Auta ta yi aure ta samu ciki, ba wanda ya yi mamakin yadda Yaya ta mai da cikin kamar nata. Ita ke bin katin awo layi-layi, ita ke faɗa idan an tsallake maganin ƙarin jini.

Mijin Auta injiniya ne, yana aikin gina madatsar ruwa a wata ƙasa, sai bayan wata shida yake leƙo gida. Ya auna hutunsa da ranar da likita ya ƙiyasta, ya iso da akwati cike da kayan jariri. Ranar ta zo ta wuce, ciki ko gezau. Likita ya duba ya ce ruwa ya ɗan yi yawa, kan jaririn kuma bai sauko ba, a dawo bayan kwana goma idan shiru. Shi kuwa Injiniya saura kwana huɗu ya hau jirgi.

Ranar Asabar suka haɗu a gidan Mama. Bayan an ci abincin rana Auta ta kishingiɗa a doguwar kujera, ta ɗora kumburarrun ƙafafunta a kan matashi.

Injiniya ya ce, "Wannan yaro dai taurin kan dangin uwarsa ya ɗauko."

Yaya ta ce, "Rashin zuwa a kan lokaci ai na gidanku ne. Awa nawa muka jira ka a filin jirgi?"

Aka yi dariya. Sai ya gyara zama, ya sassauta murya. Ya ce matar wani abokin aikinsa an yi mata wani abu a asibiti, ungozoma ta sa yatsa kawai, washegari ta haihu. Yaya ta san abin da yake nufi, ta yi shi ya fi a ƙirga. Ana zagaya bakin mahaifa da yatsa ne, a ɗan raba jakar ruwa da jikinta, sau da yawa naƙuda kan taso cikin kwana ɗaya ko biyu.

Ta ce, "Ana yi. Amma ba a yi wa wadda kan ɗanta yake sama. Ku bari ya sauko."

"Yaya, in na tafi yanzu sai yana wata shida zan gan shi."

"Ka gan shi yana zama, har ya san ya ja maka gemu."

Bai yi dariya ba. Mama, da ke ninke wanki a gefe, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Kullum kina yi wa 'ya'yan mutane. Yau abu ya zo kan 'yar'uwarki, shi ne ilimin zai tashi?"

"Mama, ba rowa nake yi ba."

"To mene ne? Dubi ƙafafun yarinyar nan. Sati biyu ba ta runtsa ba."

Da su biyun ne kawai, da Yaya ta ɗauki jakarta ta yi musu sallama. Sai Auta ta kamo gefen rigarta, kamar yadda take yi tun tana ƙarama in tana son a saya mata wani abu.

"Yaya, na gaji. Wallahi na gaji. Ki duba kawai, in kin ga ba zai yiwu ba sai ki bari. Ina so ya ɗauki ɗansa kafin ya tafi."

Suka shiga ɗakin Mama. Yaya ta wanke hannu har gwiwa, ta shimfiɗa tawul a gado, ta ciro safar hannu daga jakarta. A ranta ta ce dubawa kawai za ta yi. Ta tarar bakin mahaifa ya yi laushi, ya ɗan buɗe, kan kuwa yana can sama yana lilo. Nan ya kamata ta zare hannunta. Auta tana kallon fuskarta tana jira. Yaya ta ce bari ta zagaya sau ɗaya, a hankali.

Ba ta gama zagayen ba ta ji abu ya fashe a ƙarƙashin yatsanta. Ruwa ya ɓalle da ƙarfi, ya wuce tawul, ya jiƙa katifa, ya zubo ƙasa. A cikin ruwan wani abu mai santsi ya sulalo ya kwanta a kan yatsunta, yana bugawa. Igiyar cibiya ce ta riga jaririn fitowa. In kan ya sauko ya danne ta, an toshe masa hanyar numfashi ke nan.

Ba ta yi ihu ba. Ta tura hannunta ta tokare kan jaririn, ta ɗaga shi sama, ta ce wa Auta ta juya ta durƙusa, ƙirjinta a ƙasa. Ta ɗaga murya ta kira Injiniya, ta ce ya kawo mota bakin ƙofa yanzu. Mama ta leƙo tana tambaya ko naƙudar ce ta zo, har da murmushinta.

Haka aka fita da su, an lulluɓe su da zanin gado. Auta a durƙushe a kujerar baya, Yaya a matse tsakanin kujeru, hannunta a ciki bai motsa ba. Da ɗayan hannun ta kira ɗakin tiyata ta ce a shirya. Tafiyar minti goma sha biyar ce, amma wata babbar mota ta mutu a shataletale, motoci sun cushe. Injiniya yana danna ham yana zagin mutane ta taga. Auta tana kuka a cikin kujera tana tambaya, "Yana da rai? Yaya, yana da rai?" Yaya tana cewa yana da rai, tana kuma jin bugun igiyar yana raguwa a yatsunta, yana yin nisa da juna. Minti talatin da takwas suka yi a hanya.

A kan gadon turawa ma ba ta cire hannun ba. Abokan aikinta suka tura su tare, suka rufe ta da koren ƙyalle a ƙarƙashin teburin tiyata, har sai da ta ji yatsun likita sun taɓa nata daga ciki, ya ce ta saki. Da ta fito hannun ya ƙage, sai da wata nas ta miƙe mata yatsun ɗaya bayan ɗaya.

Mace ce. Ta fito shuɗiya, ba kuka, aka yi minti bakwai ana hura mata iska kafin ta ja numfashi da kanta. Aka sa ta a kwalbar jarirai.

A baranda likitan ya tsaya da su, ya tambayi yadda aka yi ruwa ya fashe. Yaya ta buɗe baki, Injiniya ya riga ta.

"Likita, mu ba mu san komai a wannan harka ba. Ita ce ma'aikaciya. Ta shiga ɗaki da ita, sai kiran mota muka ji."

Ta juya ta kalle shi. Babu ƙarya ko ɗaya a maganarsa, shi ya sa ta rasa ta inda za ta kama. Likitan, wanda ita ta koya masa ɗinkin farko lokacin yana sabon zuwa, ya sunkuyar da kai yana rubutu.

Mama kuwa sai da suka koma gida ɗauko kaya ta yi tata. Tana tsaye a kan jiƙaƙƙiyar katifar ta ce, "Mu jahilai ne, muna iya roƙon komai. Ke da kika sani, me ya hana ki ƙi?"

"Na ƙi, Mama."

"Da kin ƙi da ba a yi ba."

Ranar Laraba Injiniya ya hau jirginsa. Ya ga 'yarsa ta bayan gilashi, da robobi a hanci, bai samu ya ɗauke ta ba. Bai yi wa Yaya sallama ba, amma ya bar wa hukumar asibitin takarda mai shafi biyu. Aka zauna a kanta, mutum biyar a bayan dogon tebur, uku daga cikinsu Yaya ce ta karɓi haihuwar 'ya'yansu. Ba ta ambaci hutun kowa ba, ba ta ambaci Mama ba. Ta ce ita ta yi, a gida, ta kuma san kan bai sauko ba. Aka dakatar da ita wata shida. Da ta dawo aka mai da ita ɗakin ajiye katunan marasa lafiya, a hawan ƙasa, inda ba taga sai fanka mai ƙara.

Yarinyar ta rayu. Mama ta sa mata Kurciya saboda ɗan sautin da take yi a maƙogwaro maimakon kuka. Ta shekara ɗaya wuyanta bai tsaya ba. Ta shekara biyu ba ta zama sai an tokare ta da matasai, hannayenta a dunƙule, abinci sai an dama shi ya yi ruwa-ruwa, cokali ɗaya kan ɗauki minti guda. Injiniya yana kira ta bidiyo ranar Lahadi, yana tambaya ko ta fara cewa Baba. Zuwan wata shida ya koma na shekara, aiki ya yi yawa, in ji shi. Auta ta kulle gidanta ta dawo wurin Mama.

Kullum in Yaya ta tashi daga aiki ƙarfe huɗu, can take wucewa. Ta shimfiɗa bargo a tsakar falo, ta miƙe wa Kurciya ƙafafu da hannaye kamar yadda likitocin gashin ƙashi suka nuna, ta yi mata wanka, ta ba ta abinci. Auta ba ta taɓa hana ta ba, ba ta kuma taɓa ce mata sannu ba. Maganarsu ba ta wuce magani ya ƙare, ko ranar Talata akwai asibiti. Sauran 'yan'uwa in sun zo suna gaishe da Yaya da ladabi fiye da da, irin ladabin da ake yi wa baƙo. Da matar ƙaninta ta samu ciki, a bakin maƙwabta Yaya ta ji.

Wata ranar Alhamis Mama ta fita dubiya, gidan ya rage su uku. Yaya tana ba Kurciya abinci, yarinyar ta ƙware, sai Yaya ta kifa ta a cinya tana bubbuga bayanta har numfashi ya dawo. Auta tana guga a gefe. Ta ajiye dutsen gugar a tsaye, ta zare wayarsa daga bango.

"Yaya."

Rabon da ta kira ta haka, ba tare da wani saƙo a baya ba, tun ranar da aka haifi Kurciya.

"Na san ni na roƙe ki. Ban manta ba. Na san abin da ya ce, na san abin da Mama ta ce ranar a falon nan, ina kwance ina ji."

Yaya ta ci gaba da goge wa yarinyar haɓa.

"Na gwada in ɗora wa kaina. Kwana uku na kasa tashi in ɗauke ta. Shi kuma in na ɗora masa, auren ya mutu, ga ta ba uba. Mama ta tsufa." Ta naɗe wayar a hannunta, ta warware. "Ke kaɗai ce zan ji haushinki kuma gobe in gan ki ƙarfe huɗu. Ki bar ni a haka. Ban san ranar da zan daina ba."

Yaya ta daɗe tana kallon kwanon da ke hannunta. Akwai maganganu da yawa da ta shekara biyu tana shiryawa a ɗakin katuna, ta jera su, ta san wadda za ta fara da ita. Ta duba ta ga babu wadda za ta amfani kowa a falon nan.

Ta ce, "To."

Ta gyara wa Kurciya zama a jikinta, ta tallafe mata wuya da tafin hannu. Abincin ya huce, ta miƙa wa Auta kwanon ta ce ta ɗan ɗumama shi, saura cokali shida.